Majanyin da Ya Goya Kabewa

"Ajiye shi! Ajiye na ce!"

Kakata Inna ke nan jiya a Tsohon Birnin Gwari, da ta ga zan goge babur da wani tsumma. Ashe majanyin da ta goya babana da shi ne.

Ta ce cikinsa ya ba ta wuya, har an fid da rai da ita. Da ta haife shi, ko ƙuda ba ta bari ya sauka masa.

Sai ga masu allurar lamba na Turawa sun shigo gari. Mata suka watse daji da 'ya'yansu don tsoron allurar, ita kuwa ba ƙarfin gudu. Ta ɓoye jaririn a rumbu, ta goya kabewa da majanyin nan tana jijjigawa.

Malamin allura ya leƙa goyon, ya ce, "Baiwar Allah, ɗan naki ya nuna, a kai shi tukunya."

Na ce, "To Inna, Baba ya tsira?"

"Ina! Ubanka ya tsala ihu daga rumbu. Kabewar ta fi shi rufin asiri."

Na ninke majanyin da hannu biyu. Ku wane tsumma ne ba a taɓawa a gidanku?