Sama'ilu Ɗan Dako, Lamba Biyu

Shekara goma sha ɗaya Sama'ilu ya yi yana buga ƙwallo a Kazaure, bai taɓa jefa ko guda a raga ba. Mu taubasansa mun bi sawu, mun tambayi masu tsaron gida na Roni da Gwiwa da Babura, har da waɗanda tsufa ya sa suka manta sunayen jikokinsu, ba a samu mutum ɗaya da ya ce ya taɓa sunkuyawa ya ɗauko ƙwallon Sama'ilu daga cikin raga ba. In aka tsokane shi da wannan, sai ya yi murmushi ya shafa ƙeya, ya ce ai ba aikin da aka ba shi ke nan ba.

A Roni aka haife shi. An ce ranar suna da wanzami ya zo ɗaga shi sai da ya nemi a kama masa. Ya yi elemantare har aji biyu, benci uku suka karye a ƙarƙashinsa, hedimasta ya ce ilmin da ya samu ya isa. Bayan an sami mulkin kai da shekara ɗaya, kawunsa ya kawo shi Kazaure ya haɗa shi da 'yan dakon kasuwa. Nan ya sami abin da ya dace da shi. Buhun geron da mutum biyu ke kokawa da shi, shi kaɗai zai ɗora kan gammo ya shiga cinkoso da sassarfa, yana buɗe maƙogwaro: "Gafara, kaya!" Muryar nan ba ta da na biyu. Masu tallan fura su maƙale a jikin rumfa, jakuna su karkace, dattijon da ya shekara bai yi sauri ba ya tsallake kwata. Da yake yana bin motar hatsi zuwa kasuwannin Babura da Gwiwa da 'Yankwashi, duk ƙasar nan babu wanda jikinsa bai haddace wannan kira ba. Wanda ya taɓa yin gardama sau ɗaya, buhu ya goge masa kunne, ba ya sakewa.

Bayan an gama yaƙin basasa aka turo wani ma'aikacin famfo Kazaure, Silvanus, mutumin kudancin Zariya, siriri mai usur a wuya ko coci za shi. Shi ya tara samari ya kafa ƙungiyar ƙwallo. Da ya ga Sama'ilu yana sauke mota a tasha, sai ya zagaya shi sau biyu kamar mai tayin sa, ya ce masa ya zo filin firamare bayan la'asar. Ya sa shi a baya ta hannun dama, lamba biyu.

A wancan zamani aikin ɗan baya a fili yake. Ba ya ƙetare layin tsakiya, in ƙwallo ta zo ya narka mata ƙafa ta yi sama, 'yan kallo su bi ta da ido, gwargwadon nisanta da ƙasa gwargwadon tafi. Sama'ilu ya riƙe wannan da gaskiya. Akwai wadda ya buga aka tsinto ta washegari a gonar rogo, akwai wadda har yau wasu ke cewa ba ta sauko ba.

A gabansa, a lamba bakwai, akwai Hamma, Bafulatani daga wata ruga ta wajen 'Yankwashi. Hamma yana da gudu, yana da ƙafa, amma ba shi da nauyi. In aka hura masa iska da ƙarfi sai ya faɗi. Abokan karawa sun gane haka, sai su sa masa ƙarti biyu su tare shi a bakin layi, ya wuni yana karkaɗe wando. Wata rana ana wasa da mutanen Gwiwa, aka kayar da Hamma sau uku a jere a gaban Sama'ilu. Ransa ya ɓaci. Da ƙwallo ta zo masa, maimakon ya aika ta sama, sai ya miƙa wa Hamma a ƙasa, ya manta da layin tsakiya, ya taho a guje ya wuce shi. Da ya ga mutum biyu sun tare hanya, bakinsa ya yi abin da ya saba. Ƙartin Gwiwa suka dare, ɗaya dama ɗaya hagu, kowa ya kare kunnensa da hannu yana neman buhu. Hamma ya bi ta tsakiya kamar ɗan maraƙi bayan uwarsa, ya jefa ƙwallo a raga.

Silvanus bai yi faɗa ba. Ya zauna ya yi ta zane da tsinke a ƙasa, washegari ya ce daga yau haka za a riƙa yi. Sama'ilu ya ba Hamma, ya wuce gabansa, masu tsaro ko dai su kauce ko su bi shi. Duk wanda suka zaɓa, hanya ta buɗe. In an ƙwace ƙwallo kuma, ya juyo da wannan jiki nasa ya koma gida a guje kafin a riga shi. Gudun da yake yi a wasa ɗaya ya isa ya kai mutum Roni ya dawo, kuma rabinsa babu ƙwallo a ƙafarsa. Alƙalan wasa sun sha duba ko akwai laifi a ciki, suka ga ba ya taɓa kowa. In an tashi, Hamma ake ɗauka a kafaɗa, galibi ma Sama'ilu ne mai ɗaukar. Shi dai ba ya neman komai. Kowane mako ƙwaryar kindirmo tana zuwa gidansa daga ruga, ya zauna a zaure ya dama da fura ya shanye, ya ce duniya ta yi daɗi.

Shekara shida ana haka. Kuɗin mai suka shigo ƙasa, wani kamfanin gina titi ya kafa sansani a bayan gari, aka ce yana son ƙungiyar ƙwallo tasa ta kansa. Mutum goma sha biyar za a ɗauka, su yi ɗan aiki mara nauyi da safe, da yamma su buga ƙwallo, ga albashi duk wata, ga jesi da takalma. Wannan labari ya zo wa Sama'ilu a kan gaɓa. Shekara goma sha biyar yana dako, wuyansa ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, matarsa Dela kullum tana gasa masa shi da ruwan zafi tana cewa buhu ba ya tsufa, mai ɗaukarsa ne ke tsufa. Ya san in wannan ta wuce shi, shi da gammo sai ranar da wuyan ya ƙi.

Matsalar ita ce mai zaɓen. Muhammadu Lawal, babban akawun kamfanin, mutumin kirki ne amma bai san ƙwallo ba ko ta ina. Ya ce shi ba ruwansa da dogon bayani, za a yi wasa tsakanin Kazaure da Babura, zai zauna da littafinsa a bakin fili, wanda ya ga yana cin ƙwallo shi zai fara rubutawa.

A nan mu taubasai muka saka baki, kuma Allah ya yafe mana. Muka riƙa binsa har rumfar hatsi muna ce masa an riga an ɗauke shi, amma a jerin tifofi aka sa sunansa. Muka ce shekara shida yana yi wa Bafulatani kiwo, yanzu saniya za ta shiga ofis ta bar makiyayi a waje. Da farko dariya yake yi, daga baya ya daina. Kwana huɗu kafin wasan ya zana raga da gawayi a katangar gidansa, ya shiga koyon bugu. Ya fasa randa, ya kashe zakaran maƙwabta, Dela ta kwashe tukwanenta ta kai ɗaki. Ta ce masa, "Malam, abin da ka iya shi za ka kai musu." Bai ji ba.

Ranar wasa filin ya cika har kan bishiyoyi. Aka kawo wa Muhammadu Lawal kujera aka ajiye dab da layi, ta gefen da lamba biyu da lamba bakwai ke bi bayan an dawo hutu an juya. Babura suka sa wa Hamma wani dillalin shanu da ake kira Kawu, ƙato, wanda ya san Sama'ilu tun ranar da ya fara zuwa kasuwarsu.

Aka hura usur, Sama'ilu ya rufe baki. Ƙwallo ta zo masa, Hamma ya ɗaga hannu yana jira, shi kuwa ya riƙe abarsa ya nufi raga. Bugun farko ya wuce saman mangwaro. Na biyu ya sami mai sayar da rake. Hamma kuwa, da ba wanda ya buɗe masa, Kawu ya mai da shi tabarma, duk inda ya juya a ƙasa yake. Ana haka Sama'ilu ya tafi neman na uku, aka ƙwace, mutanen Babura suka bi ta gurbin da ya bari suka ci ɗaya. Ya waiwaya ya hango akawu yana rubutu, ya ji wuyan nan ya sara masa har tsakiyar baya.

Da aka tafi hutu, Silvanus ya ba kowa ɓarin lemo, ya dubi Sama'ilu, ya wuce. Hamma ne ya rarrafo kusa da Sama'ilu, gwiwarsa na jini.

"Yaya Sama'ilu, laifin me na yi maka?"

"Ba ka yi komai ba. Mutumin can wanda ya ci yake rubutawa."

"To kai ka ci?"

Sama'ilu ya kai ɓarin lemonsa baki.

"Ni ban san hanya ba in ba ka gaba," in ji Hamma. "In haka za mu ƙarasa, gobe kai ka koma wa buhu, ni in koma wa sanda."

Sama'ilu ya tauna ɓawon lemon har ya haɗiye, yana lissafi irin nasa mai tafiya a hankali. In ya buɗe hanya, Hamma za a rubuta, shi a bar shi. In bai buɗe ba, duk su biyun za a bari. Ko ta ina aka juya shi dai yana kasuwa. To in haka ne, me ya sa zai ja yaron mutane su tafi tare? Da ya kai nan sai ya ji kansa ya yi sakayau kamar an sauke masa kaya. Ya miƙe ya ce wa Hamma ya ɗaure gwiwar nan ya biyo shi.

An ce Kawu ya rantse wa mutanensa tun daga Babura cewa ko Sama'ilu zai fasa maƙogwaro ba zai motsa ba, ya san babu buhu. Ya kuwa san babu. Amma da aka dawo, ƙwallo ta je wurin Hamma a ƙasa, ƙasa ta fara girgiza, aka ce "Gafara, kaya!" daga taku biyar, ƙafafun Kawu ba su tsaya shawara da rantsuwarsa ba. Ya tsinci kansa a wajen layi, hannu a kunne. Hamma ya wuce ya farke.

Na biyun ya fi daɗin faɗi. Sama'ilu ya taho ta kan layi sosai, mutum biyu na binsa, ya saki kiran dab da kujerar baƙo. Muhammadu Lawal, da babbar rigarsa da agogonsa, ya zabura ya ja kujera baya, littafi ya faɗi, alƙalami ya yi nasa wuri. Kafin ya tsince su Hamma ya shige ta inda mutum biyun suka bari ya ƙara ɗaya. Akawu ya daɗe a tsaye yana kallon Sama'ilu yana komawa gida a guje shi kaɗai, alhali sauran suna can suna rungumar Hamma. Aka tashi biyu da ɗaya.

Washegari da safe za a karanta sunaye a ƙofar sansanin. Sama'ilu ya ce ba za shi ba, akwai motar gero da ya yi alkawarin saukewa. Dela ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko don ya taya Hamma murna ya je. Ya je, ya raɓe can baya inda ya zaci ba a ganinsa, kamar a ce rumbu ya ɓuya bayan kara.

Hamma aka fara kira. Aka kira wasu, har da Kawu. Da aka kai na goma sha ɗaya, akawu ya ɗaga kai ya ce ina mai lamba biyu. Jama'a suka buɗa masa ba tare da ya ce komai ba, ya zo ya durƙusa.

"Ƙwallo nawa ka taɓa ci?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Haka Silvanus ya faɗa mini. Jiya Hamma biyu na gani, na kafin hutu da na bayan hutu. Na biyun nake so, an ce kuma ba a samunsa sai da kai. Kawo yatsanka."

Sama'ilu ya dangwala, babban yatsan ya cinye layinsa da na wanda ke ƙasa da shi. Aka ce ya fara aiki a ranar. Ya sake durƙusawa ya roƙi arziki a bar shi sai Litinin, don mai motar geron nan tun asuba yake jiransa a tasha. Akawu ya yi dariya ya ce ya je. Ya tafi ya sauke motar tas, buhu tamanin, ranar Litinin kuma ya zo tun kafin a buɗe ƙofa.