Makarantar da Ba a Addu'ar Safe

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, cikin Agustan 1998, lokacin ina tafinta a ofishin Alhaji Mudi a unguwar Dengfeng, nan ƙasar waje. Ku da kuka zo yanzu kun tarar da gari cike da 'yan'uwa, mu kuwa a lokacin ba mu da yawa. Aikina in raka Alhaji kasuwar Baima cinikin kaya, in wuce tashar jiragen ruwa ta Huangpu in tsaya a kan lodi, in koma ɗakina in yi shiru. A gidansa kaɗai nake jin Hausar da ba ta ciniki ba, don ya kawo Hajiya da 'yarsu Bilkisu.

Da Bilkisu ta isa shiga firamare, Alhaji ya ce in ba a samu makarantar da ta kwanta masa a rai ba, Kano za su koma ita da uwarta. Sai na ɗauki abin kamar nawa. Na sha yawo har na samo wata ta gwamnati mai karɓar 'ya'yan baƙi, na kai shi ya gani.

Tun daga ƙofa ya ja ya tsaya. Tsohon ginin jan bulo ne, ga dogayen tagogi, ga hasumiyar ƙararrawa.

"Sani, wannan ai coci ce."

Na san inda ke masa ciwo, mahaifinsa ya hana shi boko don tsoron 'yan mishan. Na ce, "Alhaji, ni ma firamaren da na yi a Zariya ta mishan ce gwamnati ta karɓe. Abin da suka bar mana ƙararrawa ne da jerin layi da duba farce da addu'ar safe. Ga ni nan, sallata ba ta ragu ba."

Shugabar makarantar ta ce lallai 'yan mishan ne suka gina ta, amma an karɓe tun tana ƙarama. Alhaji ya ce in tambaye ta wane addini ake koyarwa. Ta yi murmushi ta ce "meyo", wato babu, ko sunan Allah ba a ambata a aji. Na fassara masa raina fari ƙal, ina ganin magana ta ƙare.

Ya daɗe yana kallon hasumiyar.

"Taku ta Zariya, ka ce ana addu'a da safe?"

"Ana yi, Alhaji."

"To, ai gara taku."

Ba a yi wata ba Hajiya da Bilkisu suka tafi Kano. Ni na tsaya a Huangpu har aka rufe kwantenar kayan ɗakin Hajiya, don aikina ne. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na hanyar dawowa ba.

Shi ya sa nake gaya muku, tafinta kan iya sanin harshen mutum tsaf, bai san abin da yake tsoro ba. Shi kansa Alhaji sai a wannan ƙofar ya san nasa: ashe ba mishan ba ne, rashin ambaton Allah ne. Daga baya ya saki gidan, ya kama ɗaki ɗaya a layinmu. In mun tashi aiki sai mu jera zuwa gida.