Tambayar Yaya Talatu

"Sun ci abinci?"

Duk wanda ya san Yaya Talatu a garin nan ya san da wannan tambaya take auna littafi. Littattafan nata kuwa kun sani: jirage masu ratsa taurari, ƙarfe mai magana, birane a ƙarƙashin teku. Kowace Asabar sai ta hau bas zuwa laburare, ta dawo da jaka dam, ta baje a kicin ɗina na titin High Point Road, nan Amurka, tana juya min su da Hausa, don ni karatuna bai wuce rubutun jikin buhun shinkafa ba. Lokacin ita kaɗai ke sa ni dariya, tun da na kori ɗana Dauda. Shekara biyu ba ma magana, saboda yana zaune da namiji ɗan'uwansa. Kun sani, ai kun yi ta raɗa.

Ran nan ta maka littafi a kan tebur.

"Laraba, shekara ɗari uku suna cikin jirgi, ba wanda ya ɗora tukunya! Ƙwaya suke haɗiya!"

Na ce, "Yaya, ai ƙarya ce aka shirya."

"To ƙaryar ma a sa mata gishiri mana!"

Har Baba Fasto sai da ya ja ta gefe bayan sujada, wai ta rage littattafan aljanu. Ta ce, "Ba aljanu ba ne, Baba, baƙi ne irinmu. Sun sauka inda ba a iya faɗin sunansu, ana ta tambayarsu takarda. Akwai wani kore shar, amma ya riga ni samun aiki." Fasto ya kama baki ya wuce.

Ana gab da wata Kirsimeti ta zo da sabo fil, labarin mutum biyu a wata duniyar ƙanƙara. Ni dai ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barci. Na ajiye muciya.

"Yaya, sunayen nan duk na maza ne."

"Kunnenki lafiya lau."

"Kuma ɗaki ɗaya suke kwana? Rufe shi!"

"Ba zan rufe ba! Nawa na karanta miki? Yau ne kawai wani ya dafa wa wani. Ɗaya na kwance da zazzaɓi, ɗayan na hura masa romo a cokali." Ta zare tabarau ta dube ni. "Ni ba alƙali ba ce, Laraba. Na dai san wannan na takarda ya ci. Naki fa? Ya ci?"

Kai! Kafin in farga ta sauko da kwanuka.

"Zuba. Biyu."

"Ɗaya dai, Yaya."

"Mutum biyu, tuwon mutum ɗaya? A gidan wa kika koya? Ba dai gidan Innarmu ba!"

Ni da ko shagon ƙasan bene sai an roƙe ni nake zuwa, ranar sai ga ni a bas, tuwo da miyar kuka a cinya, Yaya na riƙe da gefen zanena kamar zan gudu. Dauda ya buɗe ƙofa, ya ce, "Mama?" Ya tsaya nan. Yaya ta ture shi. "Matsa, miya na hucewa."

Abokin nasa, wani dogon Ba'amurke mai kunya, da cokali ya kai wa tuwon hari. Yaji na sa shi hawaye, amma ya miƙo kwano a ƙara. Yaya ta zungure ni. "Wannan ya fi na littafin."

Tun daga ranar ban sake cin Kirsimeti babu Dauda ba. Ku faɗi abin da za ku faɗa, ni dai na yi yaya! Ranar da muka kai Yaya makwanci, Dauda da abokin nasa ne a gaban akwatin gawa.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka. In ta iso tana tambaya ko sun ci abinci, ka yi haƙuri da ita, ka zaunar da ita, ka fara ciyar da ita. Amin.