Gwangwanin Dabinon Ummi

Ummi, mahaifiyarmu, ta ɗauka Amurka gari ɗaya ce, kamar Jidda. Lokacin ana tsakiyar gina matatun mai na Yanbu, kamfaninmu ya tura ni Hustan kwas na wata uku. Da ta ji, sai ta ce alhamdu lillahi, in na tashi aiki wata rana in biya wajen Yaya. Yaya shi ne ɗanta na fari. Ya tafi karatu shekara shida kafin nan, wasiƙunsa suka yi ta raguwa har suka ɗauke ɗif.

Ta cika gwangwanin madara da dabinon ajwa, ta naɗe shi da farin ƙyalle, ta ɗinke da allura. Ta ce hannu da hannu, kuma in dawo mata da gwangwaninta. Na san abin da take nufi. A unguwarmu ta Uhudu, a Madina, ba a mayar da kwano wayam, ko na maƙwabci ne, balle na uwa.

Da aka gama kwas, abokan aikina suka shiga kantuna sayen rediyo da turare. Ni kuwa, sakarai, na zuba guzurina a tikitin bas mai arha, irin wanda ake yawo da shi mako biyu. Adireshin da ke bayan ambulan ɗin tsohuwar wasiƙar Yaya ya kai ni Talsa. Tsohuwar da ke da gidan ta ce ya tashi tuntuni, ta rubuta mini wani adireshin a San Luwis. A can wani mahauci ɗan Sudan ya gane hotonsa da na nuna masa, ya ce in nufi Shikago, ya kwatanta mini gidan.

Wallahi na sha wuya. Burodi da man gyaɗa safe da yamma, ruwa kuma na famfon tasha. Alwala a banɗakin tasha mutane suna harara ta, salla a zaune kan kujera. Kuɗin masauki babu, bas ce ɗakina. Ga gwangwani a cinyata, ƙanshin dabino yana ratso ƙyallen, cikina yana kuka. Ban taɓa ba, saƙo ne.

Rana ta tara, da hantsi, na ƙwanƙwasa wata ƙofa a hawa na uku. Shi ne ya buɗe. Ya yi ƙiba, ya aske gashin baki. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci, ya juya ya ce wa wata a ciki wani abu da Turanci, sannan ya jawo ƙofar ta bayansa. A tsaye muka yi magana. Ya tambayi lafiyar Ummi kamar mai tambayar hanya. Na miƙa masa gwangwanin da hannu biyu, ya dubi ɗinkin, ya gane aikinta ne, amma bai miƙo hannu ba.

"Ka mayar mata," in ji shi. "In na karɓa, za ta sa rai zan dawo."

Ko ruwa bai ba ni ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

A bas ɗin komawa na tsinke ɗinkin da haƙori, na yi ta ci ina hawayen takaici har dabinon ya gundure ni. Da ya ƙare na dubi gwangwanin, na gan shi wayam. A wata tasha na shiga shagon gwanjo, na sayi koren mayafi da canjin da ya rage mini, na cusa a ciki.

Na iso Madina, Ummi ta buɗe gwangwani tun ban cire takalmi ba. Ta fito da mayafin ta kai hanci, ta ce ƙanshin ɗanta ne. Na ce yana gaishe ta, karatu ne ya yi masa yawa. Ta sa aka kira maƙwabta su zo su gani. Da suka watse ta juyo kaina.

"Kai kuwa, ya waladi, ɗana, ka je har Amurka, ko allura ba ka kawo mini ba."

Da mayafin nan take zuwa Harami kowace Juma'a, kuma ta sha maimaita mini maganar allura a gaban baƙi, tana dariya. Sau da yawa gaskiya ta zo mini har bakin harshe, in dubi fuskarta in haɗiye.

Da ta rasu, ƙannena mata suka raba kayanta. Suka ninke mayafin suka miƙo mini, suka ce in ajiye wa Yaya, tunda shi ya saya mata.