Jarrabawar da Malam Attahiru Ya Bari a Majema

Shekara tara ke nan cif da muka kai Malam Attahiru makwancinsa. Shi ya koya mini darasin shugabanci a sashen kula da wuraren yawon buɗe ido na jami'a, shi ne kuma mutum ɗaya tak da ya taɓa kayar da ni jarrabawa. Daga baya muka zama abokan aiki, muka zama aminai, har yana ce mini Bello Mai Hankici a gaban ɗalibaina. Yanzu darasin nasa yana hannuna.

Malam bai yarda a auna shugabanci a kan takarda kaɗai ba. A zangon ƙarshe kowane ɗalibi sai ya ja ayarin baƙi daga Ƙofar Marke, ya ratsa lunguna da su har wurin majema, masu jimar jar fatar nan da Sakkwato ta yi suna da ita. Malam na can baya, hannu a aljihu, yana kallo. Washegari sai ya koma shi kaɗai wurin babban majeman, Baba Modi, ya yi masa tambaya guda: ka yarda wannan ɗalibin ya sake kawo maka baƙi? In an ce i, ka ci. In an ce a'a, ko da ka haddace littafi daga bango zuwa bango, sai baɗi. Ya kan ce da ɗan gari akan ci gari, kuma wurin da ake zuwa kallo gidan wasu ne tun kafin ya zama wurin kallo.

A shekarata ni ne zakaran aji, kuma na san da haka, abin da ya ci ni ke nan. Na san majema akwai wari, sai na sayo hankici na raba wa baƙina tun daga bakin lungu, ina ganin na yi dabarar da ba a taɓa yi ba. Muka shiga a jere, kowa ya toshe hanci, ni ma haka. Na zuba bayani kan bagaruwa da toka da Turanci mai kyau, ban tsaya na yi sallama ba. Amsar Baba Modi ta iso mini ta bakin Malam: "Warin ga da yat toshe mishi hanci, shi muka ci, shi muka sha. Kar shi sake zowa." Na yi fushi na wata guda cur, har na daina gaida Malam a masallaci. Shi kuwa ko a jikinsa. Shekarar da ta biyo na koma hannu rabbana, na durƙusa na gaida tsoho, na ci.

Ina yawan tunanin me Malam zai ce da zai leƙo yau. Ɗalibai sun ninka, ana zana jarrabawa a kwamfuta, kuma takardar ba da maki da aka turo mana ba ta da gurbin ra'ayin majemi. Na san zai yi dariyar nan tasa ta gefen baki, ya tambaya ko kwamfutar ta taɓa jin warin fata. Amma na san zai ji daɗin ganin 'yan mata sun kusa rabin aji, domin a zamaninsa bai wuce ya samu ɗaya ko biyu ba. Ni dai ban bar zuwa wurin Baba Modi ba, ina cika takardar jami'a, ina kuma yin tambayar Malam.

Bana abin ya zo mini da nauyi, don Luba, autar Malam, tana cikin 'yan ajin ƙarshe. Tana ƙaramar sakandare ya rasu. Ranar jarrabawarta ta ja baƙinta lafiya lau har bakin majema, sai muka tarar da tabarmi a shimfiɗe, ba kowa a kan aiki. Ashe ƙanen Baba Modi ne ya rasu da safe. Wani daga cikin baƙin har ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Luba ta roƙe shi a hankali ya mayar da ita aljihu, ta tsayar da su a inuwar wani itacen bedi, ta tuɓe takalmi, ta gaida maza daga nesa, ta shiga cikin gida ta yi wa mata ta'aziyya. Da ta fito sai ta ba baƙin haƙuri ta juya da su. Ba su ga ko fata ɗaya ba.

A takardar jami'a ta faɗi, tunda ba ta kai baƙi babban zango ba, kuma faɗuwa na nufin ƙarin shekara. In na ɗaga ta, za a ce Bello ya yi wa 'yar maigidansa alfarma. In na kayar da ita, na san a raina na kayar da wadda ta fi kowa gane darasin. Gaskiya na tsorata, ban taɓa jin kewar Malam kamar a kwanakin nan ba.

Na bari aka yi addu'ar uku, sannan na je. Baba Modi ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa ke jima yanzu, shi yana zaune yana duba fata da tafin hannu. Na yi masa gaisuwa, ban gaya masa ko ita wace ce ba, na yi tambayar.

"Yarinyag ga da tab bar baƙi ga icce?" ya ce. "Hwaɗa mata ta komo da su ran Assabat, ni da kaina zan nuna musu aiki."

Tun da nake zuwa wurin nan ban taɓa jin ya gayyaci kowa ba. Na rubuta maganarsa a ƙasan takardar na kai wa kwamitin sashe. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka yarda ziyarar Asabar ta cike mata zangon. Ta je, ta ci, kuma ba da alfarmata ba.

Malam bai bar littafi da sunansa ba, ba a sa wa ko ɗakin karatu guda sunansa ba. Da abin yana damuna, yanzu ya daina. Ranar Asabar ɗin, baƙi na can suna shafa jar fata ba wanda ya toshe hanci, Baba Modi ya jawo hannun rigata ya tambaye ni ɗiyar wa ce. Na ce ta Malam Attahiru ce. Ya daɗe yana kallon bakin ƙofa.

"Ai na so in gane," ya ce. "Inda tat tuɓe takalminta, nan shika tuɓe nashi."

Luba ba ta taɓa zuwa majema da mahaifinta ba. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa.