Ranar da Iya Ta Busa wa Baba Usur

Jiya da la'asar ina kishingiɗe a kan tabarma sai na ji dum, dum, dum daga tsakar gida. Jikata ce take buga ƙwallon kwando a kan siminti. Ƙarar nan ba ta sake ni ba sai da ta kai ni Unguwar Kanawa, gidan da na tashi, 'yan shekaru kafin Turawa su naɗe tutarsu.

Gidanmu gidan doka ne. Baba akawu ne a ofishin gwamnati, kuma yadda yake jera takardu a can haka yake jera mu a gida. Ƙarami ba ya riga babba sa hannu a kwano, ba ya tsallake ƙafarsa, ba ya karɓar abu a hannunsa sai ya rusuna ya miƙa hannu biyu. Fizge abu a hannun yayanka kuwa, sai dai ka ji labari a gidan wasu. Ni ne na huɗu a cikin maza, ka ga ke nan rabin yarintata a durƙushe na yi ta.

Akwai Baffa, ƙanin Baba, tsohon soja. Ya je yaƙin Bama ya dawo da jikinsa lafiya, amma kamar a can ya baro bakinsa. A gindin mangwaron ƙofar gida yake yini yana kallon hanya. In ka gaishe shi zai amsa, daga nan shi ke nan. Iya, mahaifiyarsu, takan tsaya a zaure tana leƙensa, ta share ido da gefen mayafi ta koma ciki. Mu yara mun ɗauka haka Allah ya halicce shi.

Wata bazara, lokacin da mangwaro ya nuna har ƙamshinsa ke shiga ɗaki, Baffa ya je bariki gaida wani tsohon abokinsa, ya dawo rungume da wata ƙatuwar ƙwallon fata. Ya ɗauko tsohon kwandon Inna, mahaifiyarmu, wanda gindinsa ya zube, ya kafa shi da ƙusa a jikin mangwaro, ya samo wani ya ɗaura a kan gora a ɗaya gefen fili. Babban Yayanmu yana ganin ƙwallo ya ɗaga ƙafa ya sheƙa mata, ta faɗa cikin kajin maƙwabta.

"Kai!" in ji Baffa. "Da hannu ake yi. Ƙafa ba ta da rabo a nan."

Muka tsaya muna kallon juna. Ban taɓa jin ya haɗa kalmomi masu yawa haka ba.

Daga ranar, kullum in mun dawo daga makarantar allo da yamma sai ya tara mu da yaran unguwa, biyar nan biyar can. Ya ce ba a gudu da ƙwallo a riƙe, sai dai kana tafe kana buga ta da ƙasa da hannu ɗaya. In ka kama ta da hannu biyu, tafiya ta ƙare, ko ka jefa wa ɗan'uwanka ko ka auna kwando. Ƙafa ɗaya za ka kafe kana juyawa, kamar akuya a turke. Ba ture, ba riƙe riga, ba dukan hannu. In ta faɗa kwando maki biyu ne, in kuma an yi maka laifi kana shirin jefawa, za a ba ka ka jefa kai kaɗai, kowace maki ɗaya. Yana da usur na ƙarfe a wuya, kuma ba ya jin kunyar busa shi. Sai da muka yi mako guda kafin mu daina cusa ƙwallo a hammata muna zurawa da gudu.

Duk wannan ya zo da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Baffa ya sa ni in tsare Yaya. Da Yaya ya taho da ƙwallo, sai na matsa gefe na ba shi hanya, har ina sunkuyar da kai. Da wani babban yaro ya jefo mini, sai na rusuna zan karɓa da ladabi, ta buge ni a goshi. Sai muka ji wata ƙara da ba mu san ta ba. Baffa ne yake dariya, ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Iya ta fito zaure ko takalmi babu, ta tsaya tana kallon ɗanta. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji wani daɗi ya cika mini ƙirji.

Da dariyar ta lafa, ya ɗauki kara ya ja layi ya kewaye filin.

"A cikin layin nan babu yaya, babu ƙane," ya ce. "Ka ƙwace ƙwallon, kada dai ka taɓa jikinsa. In an fito, ka durƙusa ka gaishe shi."

Sai da damina ta faɗi, ƙasa ta yi laushi, kafin hannuna ya yarda da wannan magana. Ran nan Yaya ya taho yana buga ƙwallo yana taƙama, na runtse ido na kai hannu, sai ga ta a wurina. Ban ko gama murna ba na ji ƙararrawar keke. Baba ne ya dawo daga unguwa, kuma a kan idonsa aka yi.

Bai ɗaga murya ba, ba ya yi. Ya jingine keke ya ce wasan da zai koya wa yaro fizge abu a hannun yayansa ba na gidansa ba ne, a sauke kwandunan nan kafin magariba. Baffa ya cire usur daga wuya ya koma gindin mangwaro, ya zauna yadda ya saba zama, idonsa a hanya. Ko ni yaro na gane ba kwando kaɗai za a sauke ba.

Iya ba ta faɗin sunan Baba, ɗan fari ne, ko magana ma sai ta bi ta kan wani. Ta yafito ni daga zaure, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gaya wa ubanka, a ofishinsu haka ake sa hannu a takarda ba a karanta ba? Ya shiga ya gani tukuna."

Baba ba ya musu da Iya. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a kan keke, ya ce wa Baffa ya karanto masa dokokin. Ka san mai son ƙa'ida: tun yana ɗaure fuska har ya fara tambaya, in an yi kaza fa, in an yi kaza fa. Aka sa shi a ɓangaren Yaya, aka jefa masa ƙwallo. Sai ya cusa ta a hammata kamar fayil, ya taka a natse har gindin kwando, ya saita ya jefa. Ta kuwa shiga.

Kowa ya san laifi ne. Baffa ya kai usur baki ya kasa busawa, shi da ya ce a cikin layi babu yaya babu ƙane. Sai ga Iya ta tako har bakin layi, ta zare usur daga hannunsa, ta cika kumatu ta busa har kaji suka watse.

"Ku gaya masa ya yi tafiya da ita," ta ce. "Ni da nake leƙe ta zaure ma na san wannan."

Baba ya dubi ƙaninsa. "Haka ne?"

"Haka ne, Yaya."

"Mene ne hukuncin?"

"Ba a lissafa ta. A ba wancan ɓangaren."

Baba ya ɗauki ƙwallo ya nufo ni, don ni ne kusa. Gwiwoyina suka yi abin da suka saba, na fara durƙusawa na miƙa hannu biyu. Ya dubi layin da Baffa ya ja, ya dube ni.

"Tashi," ya ce. "Kana cikin layi."

Baffa ya sake fashewa da dariya, wannan karon har da Baba a ciki. Kwandon nan bai sauka ba sai da ya ruɓe don kansa aka sa wani. Baba bai sake shiga wasa ba, amma yakan sa a fito masa da kujera, yana kama laifin da ko Baffa bai gani ba. Iya kuwa ta riƙe usur a bakin aikinta, ta samu hanyar tsawata wa ɗan farinta ba tare da ta kira sunansa ba.

Duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Filin ma shaguna ne yanzu, mangwaron an sare shi tuni. Mutane suna yawan kuka da yaran zamani, wai ba su da ladabi, ni ma nakan taya su wani lokaci. Amma jiya da ƙarar nan ta ishe ni, na lallaɓa na fita na ce wa jikata ta ba ni in gwada. Ban buga sau uku ba ta kai hannu ta zare ƙwallon, sannan ta tuna ko ni wane ne, ta toshe baki, ta fara rusunawa tana ba ni haƙuri. Na duba ƙasa, ga layin da ta ja da gawayi, ƙafafuna duka biyu suna ciki. Na ce mata ta tashi.