Malama Rakiya, Wadda Ta Kai Mana Aji Har Ƙauye

Ina tsakiyar yi wa wata mai ciki awo a ƙaramin asibitinmu na Liba wayata ta yi ƙara. Na ɗauka darasi ne, domin ta zauren ɗalibai saƙon ya shigo. Sai da na sallami matar na duba, na ga Allah ya yi wa Malama Rakiya rasuwa, shugabar makarantarmu ta koyon aikin jinya da ke Jega. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a bakin gadon awo.

Irinmu ta yi wa aiki, mu da muka fara aikin lafiya a ƙauye, muna son ƙaro ilimi amma babu halin tafiya. Ni kaɗai ce mace a asibitinmu, ga yara ƙanana a gida. Da ta kawo shawarar a riƙa ba mu darasi ta intanet, mu riƙa zuwa Jega don gwajin hannu kawai, manyan malamai sun ƙi. Suka ce jinya aikin hannu ce, ba a koyonta a waya. An ce ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Hannu kam sai asibiti, amma kai ko'ina shina ɗaukar karatu. In munka kwashe su duka zuwa gari, wa za shi karɓi haihuwa ƙauye?"

Ta san sabis ɗinmu ba ya da ƙarfi, don haka takan yanka darasi gajere-gajere ta turo da muryarta, yadda zai sauka ko a ƙaramar waya. Wata abokiyar karatunmu a Jiga Makera surukinta ya ce ba ya son latse-latsen waya a gidansa. Malama ta je da ƙafarta ana tsakiyar cire albasa, ta zauna a kunyar gona ta kunna wa dattijon darasi ya ji da kunnensa. Da izini ta dawo, har da buhun albasa.

Ni shaida ce a kan amfanin abin da ta kafa. A makon da ta koya mana yadda ake tare zubar jini bayan haihuwa aka kawo mini wata Bafulatana daga ruga, jini ya ɓalle mata. Abin da na ji a waya shi na yi, har Allah ya sa ya tsaya muka kai ta babban asibiti da ranta. Da ina zaune a aji a Jega, da ba a tarar da kowa ba. Da na ba Malama labari, cewa ta yi in gode wa Allah, in koma in sake sauraren darasin.

Abin da ke cin raina shi ne wannan. Tun damina muryarta ta sauya. Takan tsaya a tsakiyar magana ta ja numfashi, har ana jin ƙarar ƙirjinta. A haka ta koya mana alamomin ciwon zuciya: haki, kasala, kumburin ƙafa. Na haddace su, na ci jarrabawa a kansu. Zuwana Jega na ƙarshe na same ta a ofis da silifas, ita da ba ta yarda ɗaliba ta shigo mata haka, ƙafafunta sun yi suntum. Na tambayi lafiyarta.

"Gajiya ta, ɗiyata," ta ce. "Mi kinka kawo mini?"

Na karɓi amsar da sauri saboda ina da tambayoyin da nake so ta warware mini kafin motar Maiyama da zan bi zuwa gida ta cika. Da a asibitina wata ta shigo da ƙafa irin wannan, da ban bar ta ta tafi ba. Mu da yawa muna jin hakin nan a wayoyinmu kullum, kowa da horonsa na jinya, amma darasin kawai muke ɗauka.

A wajen gaisuwa a unguwar Jega Magaji, maigidanta Alhaji Garba ya shaida mana likita ya daɗe da cewa ta kwanta, ita kuma ta ce sai rukuninmu na farko ya kammala, kada waɗanda suka ƙi tsarin su ce ai dama sun faɗa. Na ce masa, "Baba, mun gani, ba mu yi magana ba." Ya ce shi da ke gida ɗaya da ita bai iya tsayar da ita ba, kuma wa'adi ba ya jiran likita. Na san gaskiya ya faɗa, amma har yau zuciyata ba ta sauke nauyin ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rakiya, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta. Ka sa ciwon da ta ɓoye ya zama kankarar zunubi, duk wani rai da aka ceta ta hanyar iliminta ya zama sadaka mai gudana gare ta. Ka ba Alhaji Garba da 'ya'yanta haƙurin rashinta, ka tsaya musu. Mu kuma ka yafe mana sakacinmu, ka sa mu cika da imani. Amin.